Tsagar Dutsen Bayan Gari

A ƙauyukan Alela, in aka ce rijiyar Chindo ce, an gama magana. Tun yana saurayi yake haƙa, kuma taƙamarsa ita ce ba ya sa zoben siminti sai ya kai ga ruwa. Yakan ɗanɗana ƙasar da harshe ya ce wannan za ta riƙe kanta. Ta kuwa yi ta riƙewa shekara da shekaru, har bara waccan da damina, ranar da wata rijiyar da yake haƙa ta rufta da ɗansa Sadisu a ciki.

Bai sake ɗaukar diga ba. Ya koma yawo a kan tudun bayan gari, inda dutse ya yi wata doguwar tsaga. Duk wanda ya ci karo da shi sai ya ja shi ya nuna masa: ƙasar nan motsi take yi, ita ta girgiza rijiyar. Mutane su ce Allah ya ji ƙan Sadisu, su wuce. Matarsa A'i ba ta taɓa gaskata shi ba, ba ta kuma taɓa ƙaryata shi ba.

Da rani sai ga Surayya, mai nazarin duwatsu daga Yamai, ta zo duba ko tuddan Konni da Malbaza na ƙara tashi. Chindo ya liƙe mata. Shi ke riƙe mata guduma, shi ke kore mata awaki. Ita ta ɗauka son sani ne kawai, ba wanda ya ba ta labarin Sadisu.

A ƙoƙuwar tudun ta tsinci bawon katantanwa da ya zama dutse.

"Baba, ka ga wanga? Teku ya taɓa kwanciya nan, ƙasa ce ta ɗago."

"To, ba ni hwaɗi ba!" in ji Chindo. "Ta motsa ke nan, ɗiyata."

Ta yi dariya. "Ta motsa mana, amma tun babu mutum ko ɗaya a duniya."

"Tsagar fa?"

Ta durƙusa ta shafa bakin tsagar. Bakin ya goge sumul, gefe da gefe daidai suke, ga saiwar tsohuwar aduwa ta cika ciki.

"Aikin ruwa da rana ne. Ta girmi kakanka."

"Bara waccan fa, da damina? Ko ɗan kaɗan?"

"Ban ga alama ba. Ku kwantar da hankalinku, Baba, ƙasarku lafiya lau take."

Albishir take yi masa. Ya yi godiya, ya kai mata kayanta har mota, ya tsaya sai da ta ɓace.

A'i na tankaɗe a tsakar gida da ya shigo. Ta dube shi sau ɗaya, ta ajiye rariyar.

"Ta ce a'a ko, Malam?"

Ya zauna a ƙasa bai ko nemi tabarma ba.

"Ni ma," ta ce a hankali, "na so ta ce i."