Surukan Baba

Tun da kakan Baba ya gina rijiyar garinmu, a ƙasar Kurfey, arewa da Filinge, ba a taɓa tambayar kowa wa yake so ya zama mai gari ba. In na kan buzun sarauta ya mutu, tsofaffi su zauna su ɗora mai bi masa, a yi fatiha a watse. Haka Baba ya samu, haka ya riƙe har gemunsa ya yi fari. Sai ga Nasara sun zauna Filinge, sunka ce za su yanka ƙasa kanto-kanto, wato gunduma-gunduma, kuma kowane gari sai kumandan ya zo ya ga wanda mutane ke so da idonsa.

Da ba komai ba ne, in ba don ƙanen Baba ba, ɗan baffansa. Ya yi wa Nasara dakon kaya zuwa Doso, ya komo da jar hula da kalmar "wi" guda ɗaya tak, wato "i" a bakin Nasara, wadda yake jefa wa kowa har akuya. Shi ya je ya ce wa kumandan shi ma jikan mai rijiya ne. Gaskiya ya faɗa, abin haushin ke nan.

Baba ko a jikinsa. Allah bai ba shi ɗa namiji ba, mu mata ne reras, ni ce ta fari, kuma duk cikin gari munka yi aure. Ya kan gaya wa Inna cewa rabin mazan garin nan surukansa ne, sauran kuma ƴan uwansu. Wa zai ja da shi?

Ranar da kumandan ya zo, ina goye da ɗana na farko. Anka tara maza gindin gawon bakin rijiya, mu mata munka laɓe bayan zanar gidan Inna muna leƙe. Tafinta ya yi bayani dalla-dalla, ba wanda zai ce bai ji ba. Baba ya tsaya nan, ƙanensa ya tsaya can, kowa ya je ya tsaya bayan wanda yake so. Kumandan zai ƙirga kawuna.

Samarin da sunka yi dako tare da mai jar hula sunka ruga bayansa suna dariya. Tsofaffin abokan Baba sunka jawo jiki da sandunansu sunka jeru bayansa. To, sai surukai. Sunka taso gaba ɗaya, abin sha'awa, har na ce alhamdulillahi. Da sunka kusa, sai mijina da ke gaba ya tuɓe takalmi. Mai bi masa ya tuɓe. Kafin in ƙifta ido duk sun zube ƙasa, can nesa da Baba, sun tsuguna, kowa ya sunkuyar da kai yana zanen ƙasa da tsinke.

Ai ba su yi laifi ba a wurinmu. Mijina, in ya hango Baba kan hanyar gona, sai ya ratse cikin gero ya zaga, ko da ƙaya za ta cinye masa ƙafa. Bai taɓa shan ruwa gabansa ba. Wannan mutumin za a ce ya tsaya ƙiƙam, numfashinsa na bugun ƙeyar surukinsa?

Tafinta ya daka musu tsawa: "Ku na wa ne?"

Can mijin ƙanwata ya nuna Baba da leɓe.

"To ku tashi ku tsaya bayansa! Na tsaye kawai ake ƙirgawa!"

Sai sunka ƙara ja da baya a tsugunne. Na yi tari, na yi gyaran murya, na mintsini ɗana don ya yi kuka ubansa ya waiwayo. A banza. Na tsinci ƙwallon goruba na jefa ta saman zana, ya sami mijin autarmu a kafaɗa. Bawan Allah ko sosawa bai yi ba.

Da Baba ya juya ya ce "ku tashi", da sun tashi. Amma shi ma kunyar ta kama shi. Ni kaina bai taɓa kiran sunana ba don ni ce ƴar fari, balle ya dubi mijina ido da ido a cikin taro. Ya tsaya yana kallon gabas, wuyansa a sandare. Na tabbata yana jin komai.

Kumandan ya bi layi da bulalar dokinsa yana taɓa kafaɗu. Ya wuce na tsugunne kamar tulunan da anka aje bakin rijiya. Anka ɗaga hannun mai jar hula, shi kuwa ya ce "wi".

Da na koma gida ban ɗora tukunya ba. Na ce wa mijina: "Kai, yau kun kashe Baba da ladabi! Ƙafafunku sun karye ne?"

Ya ce: "Haba ke kuwa. In tsaya kan Baba? Me mutane za su ce?"

Na ce: "Za su ce surukin mai gari. Yanzu fa?"

Washegari surukan sunka je gaida Baba, sunka tsuguna bakin zaure yadda sunka saba. Ya amsa daga ciki, ya tambayi gonakinsu, ya sa musu albarka. Bai taɓa tada zancen ba, amma bai sake zama gindin gawo ba. Na yi ta jin zafin abin nan shekara da shekaru, ko da ina ba da labarin, mutane na dariya, ni ma ina yi.

Baba bai daɗe ba bayan haka, damina ta biyu ta tafi da shi. Anka fito da shi ƙofar gida don a yi masa salla, na leƙa ta zana. Sallar gawa ba ruku'u, ba sujada. Ga surukan nan sahun gaba, mijina a tsakiya, kafaɗa da kafaɗa, dab da Baba, duk a tsaye. Sai na ji bakina na ƙirga su, ina kuka.