Sunan da Yaya Sule Bai Kira Ba

Ran nan da koko da ƙosai muka karya, kamar kullum. Mu uku ne a ɗaki ɗaya a Kaduna: ni, da yayana Sule, da ɗansa na fari, Nasiru. Ni ci-rani ne ya kawo ni daga Lakwaya. Yaya kuwa ya daɗe a garin. A masaƙa yake aiki, har aka rage ma'aikata aka haɗa da shi. Da ɗan abin da aka sallame shi da shi ya sayi injin markaɗe, ya kafa rumfa a bakin layi. Rayuwa ta yi tsada, sai ya mayar da matarsa da ƙananan yara gida. Nasiru kaɗai ya riƙe, don shi ke tsayawa a kan injin. Saurayi ne dogo, gemu ya fara tsiro masa.

Tun da aka haifi Nasiru ban taɓa jin Yaya ya kira sunansa ba. Haka muka tashi muka tarar. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a nuna ana sonsa a gaban mutane. Kunya ce, Yaya kuma ya fi kowa riƙo da ita. In zai yi maganarsa sai ya ce "wancan". In yana nemansa cikin ƙarar inji, sai ya ɗauki sifana ya buga ƙarfen rumfa sau biyu. Ƙwal, ƙwal. Nan take Nasiru zai waiwayo. Nakan tsokane shi in ce, "Yaya, ka yanka rago ka raɗa suna, sannan ka bar wa mutanen gari su yi ta amfani da shi?" Sai ya harare ni ya ce in tashi in wanke bokitai.

Da safen nan mai ya ƙare a inji. Lokacin ana wahalar mai, sai an bi layi. Yaya ya buga sifana, ya miƙa wa Nasiru jarka. Rana tana fitowa Nasiru ya tafi gidan mai, can ƙetaren babban titi. An yi makonni ana ka-ce-na-ce a kan Shari'a, a rediyo da teburin mai shayi. Mun ji an ce za a yi zanga-zanga. Mu dai abin da ke gabanmu tumatir ne da wake.

Da hantsi mata suka daina kawo markaɗe. Layin ya yi tsit. Sai muka jiwo wata ƙara daga nesa, kamar ruwa na dukan rufin kwano. Ta matso. Muka ji fashewar gilashi. Warin taya ya iso kafin mu ga hayaƙi. Masu shaguna suka shiga jan ƙofofi. Sai bindiga, ɗaya, sannan da yawa.

Wani ya sheƙo a guje, ƙafa ba takalmi. "Ku fita! Ku fita, sun iso!"

Yaya bai motsa ba. Yana kallon bakin layi. Ya ce, "Wancan bai dawo ba."

Na kama hannunsa na ja. Muka bi ta bayan gidaje, muka tsallake katanga, muka ɓulla babban titi, muka ƙetare shi. Mutane suna gudu ta ko'ina, ba wanda ya san inda ya nufa. Na ga wata mata da yaro a goye, wani a hannu, tana juyawa wuri ɗaya. Akwai babban lambatu a gefen titin. Na faɗa ciki na durƙusa. Na ɗauka Yaya yana bayana.

Ashe yana sama a tsaye. Daga inda nake ƙafafunsa kawai nake gani. Sai na ji muryarsa, irin wadda ban taɓa ji ba.

"Kai! Kai! Kai, yaro!"

A titin nan kowa "kai" yake cewa. Na yunƙura na leƙo. Can ƙetare na hango Nasiru. Ya ba mu baya, jarka a kafaɗa, yana sauri ya nufi rumfa, inda ya bar mu, inda hayaƙin yake. Na buɗe baki na kwarma, "Nasiru!" Kafin sunan ya fita ya riga ya sha kwana ya shiga layin. Hayaƙi ya rufe bakin layin. Aka yi harbi a ciki. Saurayi da jarkar mai a irin wannan rana, ba wanda zai tsaya tambayarsa inji zai zuba wa.

Yaya ya zabura zai tsallaka. Na rungume shi ta baya muka faɗi tare. Motar sojoji ta tsaya a kanmu.

"Ku kwanta! Hannu a ka! Ku tashi! Ku bi nan!"

Aka kora mu cikin ayari har bariki. Ana kiran azahar a wani wuri mai nisa, ba wanda ya tsaya. A barikin muka yi kwanaki a ƙasa, mu da waɗanda ba mu sani ba, masu salla da masu zuwa coci, kowa da nasa wanda bai gani ba. Duk motar da ta kawo mutane sai Yaya ya tashi ya bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Da ƙura ta lafa muka koma layin. Rumfa ta zama toka, injin ya yi baƙi. Muka bi asibitoci. Aka ce mana an binne mutane da yawa ba a san sunayensu ba.

Motar shanu ce ta kwaso mu zuwa Kano, a tsaye. Daga nan muka hau ta Gwarzo. A Kabo wasu suka sauka, mata suka tare su da kuka a bakin hanya. Yaya ya kawar da kai. Tun daga Kaduna hannunsa na cikin aljihu.

A Lakwaya aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Ba gawa, sai zaman makoki. Mutane suka zo daga Kara, daga Gwarzo, daga ko'ina. Kowa ya ce, "Ya haƙuri?" Yaya ya ce, "Da godiya." Ko ƙwalla bai yi ba. Uba ba ya kukan ɗan fari a bainar jama'a. Na ji dattawa suna yaba shi, suna cewa Malam Sule namiji ne, a yi koyi da shi. Har yau in na tuna yabon nan raina ɓaci yake. Mutum yana ƙonewa a gabansu suna sa masa albarka. A duk waɗanda suka zauna a tabarmar nan ba wanda ya ce mana, me kuka gani?

Ni ma na ɗauka na tsira. Ashe ƙafafuna ne kawai suka iso gida. Na kasa zama wuri ɗaya. In na shiga masallaci sai na tsaya a ƙarshen sahu, kusa da ƙofa. Ranar kasuwar Gwarzo wani ya tayar da injin niƙa a bayana, ban san lokacin da na tsinci kaina a bayan rumfar masu tukwane ba. 'Yata ta yar da kwano a tsakar gida, na daka mata tsawar da ta sa ta yi kwana biyu tana ɓuya in na shigo. Matata Rabi ta dube ni ta ce, "Malam, wanda ya tafi ci-rani ba shi ne ya dawo mini ba."

Na ji haushinta. Amma ita ta matsa har na je Masanawa wajen kawunta, malamin Islamiyya. Na zata rubutu zai ba ni in sha in dawo. Ya yi mini addu'a, ya daɗe yana yi. Sannan ya ce, "Isyaku, da ƙafarka ce ta karye, za ka tsaya jin kunyar mai ɗori? Wannan ma ciwo ne. Ka je asibiti, addu'a kuma ba za mu fasa ba."

Na je Kano a ɓoye, kamar ɓarawo. Likitan ya ajiye alƙalami ya ce in faɗa masa abin da na gani. Na fara daga koko da ƙosai. Ban kai lambatu ba kuka ya ƙwace mini, ni da furfura a gemu, a gaban yaron da na girme shi. Bai ce in yi haƙuri ba. Ya jira na gama. Ya ba ni magani, ya sa mini ranar dawowa. Na yi ta komawa. Ban warke rana ɗaya ba, amma a hankali na fara iya shiga tsakiyar sahu.

Sai na juya kan Yaya. Ya rame. Abinci sai Inna, mahaifiyarmu, ta tsaya a kansa. Ya daina zama a majalisa. Kullum da la'asar yana tashar Gwarzo, yana kallon masu saukowa daga mota. Na ce ya zo in raka shi inda nake zuwa.

Ya ce, "Asibitin mahaukata za ka kai ni? Me mutane za su ce?"

Na ce, "Ni mahaukaci ne?"

Ya ce, "Kai yaro ne."

Na sake yi masa magana. Na turo kawun Rabi. Na yi lallashi, na yi faɗa, har muka yi mako ba ma gaisawa sosai. Mutumin da gari duka ya ce namiji ne, ta ina zai fara cewa ya kasa?

Damina ta biyu muna noman gero a gonar gado, shi a kunya ɗaya, ni a ta kusa. Sai na ji ƙwal, ƙwal. Na ɗago. Ya fito da sifanar nan daga aljihu yana buga bakin fartanya. Ya tsaya yana sauraro. Ba kowa a gonar sai mu.

Bai dube ni ba ya ce, "Isyaku, da na kira sunansa da ya waiwayo."

Na ce, "Yaya, ba kai ka harbe shi ba."

Ya ce, "Yana bakina. Wallahi yana bakina. Ya ƙi fita."

Muka zauna a kan kunya. Shi ne karo na farko da ya yi maganar, shi ne kuma na ƙarshe. Na ce gobe mu tafi Kano. Ya mayar da sifanar aljihu. Sannan ya ce, "Bari a yi girbi."

Na yi murna da wannan kalma, na riƙe ta. Gero ya fitar da kai. Ya fara nuna. Wata safiya Yaya ya tafi gona bai dawo karin kumallo ba. A gindin ɗorawa na same shi, ya jingina, fartanya a gefe. Aka ce hawan jini ne. Wataƙila. Da za mu yi masa wanka na cire rigarsa, sifanar ta faɗo ƙasa.

An sake shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Wannan karon na yi kukana a gaban kowa, wanda zai yi magana ya yi. In ana lissafin waɗanda rikicin nan ya ci, mutanen Lakwaya mutum ɗaya suke ƙirgawa a gidanmu. Ni biyu nake ƙirgawa. Geron ni kaɗai na girbe shi.