Shekarar da Tafkinmu Ya Ƙafe

A shekara ta biyu ta fari, tafkin bayan garinmu ya ƙafe ƙurmus. Lokacin ina sabon magidanci, matata na goyon 'yar wata huɗu. Sau biyu muka yi shuka tana ƙonewa, rijiyar unguwa kuwa sai a wuni ba a cika tulu ba.

Wata safiya ni da yayana muka ɗauki diga da shebur muka shiga tsakiyar tafkin, ko Allah zai sa mu tarar da danshi. Baba na zaune gindin tsamiya yana kallonmu. A reshen da ke samansa akwai wani shuɗin tsuntsu mai kamun kifi, mai dogon jan baki. Muna yara sun fi a ƙirga a nan. Ranar shi kaɗai ne, ya zuba wa busasshiyar laka ido.

Na yi zurfin kamu biyu sai shebur ya tono wani abu mai taushi. Ashe kwaɗo ne ya dunƙule a laka, fatarsa ta yamutse. Na ɗauka matacce ne, sai na ga maƙogwaronsa na motsi.

"Mayar da shi ka rufe," in ji Baba. "Ruwa yake jira."

Yaya ya ce, "In ruwan bai zo ba fa, Baba? Gara tsuntsun can, ko ba komai yana da fiffike."

"Ya kai shi ina? Kifi kaɗai yake ci. Daga nan har Makoda wane tafki ne da ruwa?"

Sati uku ke nan Yaya na neman izinin tafiya Kano neman aiki, Baba na hanawa. In ya tafi, ni kaɗai zan riƙe mutum tara, rumbu kuma ya kusa ƙasa. Na mayar da kwaɗon na rufe shi.

Ba mu sami ruwa a ramin ba. Bayan kwana uku aka daina ganin tsuntsun. Ranar kasuwa Yaya ya durƙusa gaban Baba, Baba ya ba shi izinin tafiya, sannan ya sa masa albarka.

Sai da aka ƙara sati biyu ruwa ya sauka. Kwaɗi sun yi kuka, amma tsiraru. Inna ta fito da irin geron da ta ɓoye a tukunya, muka yi shuka ta uku. Abin da muka girbe bai kai mu tsakiyar rani ba, dole na sayar da akuyar matata.