Takwarar Anti Airin

Ko zan manta komai na zamana a Kuala Lumpur, abin da na yi ranar sunan 'yata ba zai fita daga raina ba. Shekara biyu ke nan, amma har yau kamar jiya ne a wurina.

Ban daɗe da gama sakandare ba muka yi aure, maigidana ya samu tallafin karatu muka taho. Muka kama gida a hawa na tara a unguwar Wangsa Maju. Shi kullum yana makaranta, ni ina ɗaki. Turancina na aji ne, in aka yi da sauri sai in ɓace. Ko lif tsoron shiga nake yi ni kaɗai.

Ƙofar da ke kallon tamu ta wata tsohuwa ce 'yar asalin Sin, Kirista, malamar makaranta da ta yi ritaya, ba miji ba ɗa. Sunanta Irene, ana faɗinsa Airin. Ita ta fara ƙwanƙwasa mini ƙofa da leda a hannu, tana cewa "Makan, makan," wato in ci, wai daga shagon Musulmi ta sayo, kada in ji komai. Ita ta koya mini hawa jirgin ƙasa, ita ta kai ni kasuwar Chow Kit na gano inda ake sayar da kuɓewa. Daga nan kullum da safe sai na leƙa na gaishe ta.

Tana ji da sunan nan nata. Ta ce na Girkawan da ne, ma'anarsa zaman lafiya, akwai sarauniyoyin da suka mulki daula da shi, da waliyyan coci, har da garuruwa. In ta ɗaukar mini kwando sai ta ce, da "lah" ɗin nan da mutanen ƙasar ke sa wa magana, "Kin ga gata, lah, sarauniya ce ke riƙe miki kifi." Wata rana kuma ta ce, "A danginmu kaf ni kaɗai ce mai shi. In na tafi, ya tafi."

Cikina yana wata takwas, maigida ya je wani gari aikin bincikensa. Da hantsi ina wanke-wanke sai na ga jini yana bin ƙafata. Da rarrafe na isa ƙofarta. Ban san yadda tsohuwar nan ta kai ni cikin motarta ba. Muka faɗa cunkoso, hannunta ɗaya a sitiyari, ɗayan a cikin nawa.

Na ce, "Anti, mutuwa zan yi."

Ta ce, "Ba a motata ba. Jiya na wanke ta."

Ina kuka na ce mata, "In Allah ya sauke ni lafiya, in mace ce, sunanki za ta ci. Mu haka muke yi wa wanda ya yi mana alheri, a yi masa takwara." Sai na ga ta ture tabarau tana goge ido. Wallahi a lokacin har zuciyata na faɗa.

Aka yi mini aiki aka ciro 'ya mace. Maigida ya iso a gigice, ya ɗauke ta ya yi mata huɗuba da sunan mahaifiyarsa, Hajiya. Ina kwance ina ji. Ta yaya zan buɗe baki? 'Yar fari ce, a wajenmu uwa ko kallonta ba ta cika yi a gaban mutane ba, balle ta sa baki a sunanta. Kuma in ce masa me? Na yi wa Kirista alkawarin suna? Na ja bakina na yi shiru, ina fatan Anti ta ɗauka zafin ciwo ne.

Ranar suna matan ɗalibai 'yan uwanmu suka cika falo, ga masa ga zoɓo. Bayan la'asar aka ƙwanƙwasa. Anti ce, cikin rigarta ta zuwa coci, ɗauke da ɗan farin bargo. A gefensa ta ɗinka IRENE da jan zare, da hannunta, da idon nan nata da ko kuɗin mota sai ta kai shi dab da hanci take ganewa.

Babbar cikinmu ta karɓa ta ɗaga sama. "Ikon Allah! Maijego, yaushe kika koma coci ba mu da labari? Sunan wa ke nan a bargon takwarar Hajiya?"

Ido ya dawo kaina. Na hango maganar ta isa gida, ta isa kunnen surukata. Sai na ji bakina ya ce da Hausa, "Ku ƙyale ta, tsufa ne. Ni ban san inda ta samo wannan ba."

Aka kwashe da dariya. Abin da ya fi ci mini rai har gobe, ita ma dariyar ta yi, don ba ta jin Hausa, ta ɗauka murna ake taya ta. Sai wata ta faɗa mata sunan jaririyar da Turanci. Ta juyo ta dube ni. Na sunkuyar da kai ina gyara zanen da ba abin da ya same shi.

Ta ce, "Boleh, lah, ba laifi. Suna mai kyau." Ta ninke bargon ta ajiye a hannun kujera, ta fita ko zoɓo ba ta sha ba.

Wata uku ina ɓuya. In zan fita sai na leƙa ta ɗan ramin ƙofa na tabbatar ba ta waje. Sau biyu na tarar da ledar abinci a rataye a hannun ƙofarmu. Na ɗauka, na ci, ban je na ce na gode ba. Kullum sai in ce gobe.

Wata safiya na ji hayaniya a baranda. Na buɗe da goyona, na ga ƙofar Anti a buɗe, ga mutane. Zuciyarta ce ta tsaya. Kwana biyu tana kwance a ƙasa kafin wata ƙawarta ta coci ta sa a ɓalle ƙofar. Taku huɗu ne tsakanin ƙofarta da tawa, kuma ni ce mai leƙa ta kullum da safe a da.

Ƙawar tata ta hango goyona ta matso. Ta ce, "Wannan ce ƙaramar Airin? Kullum sai ta nuna mana hoton da ta ɗauke ta a asibiti. Ko makon jiya cewa take yi yanzu hankalinta ya kwanta, sunanta zai je har Afirka."

Ashe ba ta taɓa faɗa musu na saɓa alkawarin ba.

Da maigida ya dawo na faɗa masa komai, har abin da na ce a falo. Sai ya ce, "Haba, me ya hana ki gaya mini? Ke ma kin san sunan Hajiya ba mai iya kiransa a gidan nan, dole a sakaya. Wata uku muna ce wa yarinya Bebi don ba mu samo na kira ba. Matar da ta ceci ranki da na 'yata, har sai kin roƙe ni?"

Ashe mafita tana hannuna tun ranar farko, a cikin al'adarmu ma. Tsoron dariyar mata ne ya rufe mini ido.

Yanzu Airin muke kiranta. Surukata ta tambayi dalili a waya, da ta ji labarin ta ce Allah ya ba mu masu yi mana irin wannan. Matan nan ma yau da bakinsu suke kiran sunan, ba wadda ta mutu. Bargon ya yi mata kaɗan, amma ba ta barci sai da shi.

Abin da na koya, kunyar da za ta sa ka tozarta wanda ya tsaya maka ba kunya ba ce, tsoro ne. Kuma in akwai ƙofar da ya kamata ka ƙwanƙwasa ka ba da haƙuri, ka ƙwanƙwasa yau. Na cika alkawarina, amma mai sunan ba ta taɓa jin an kira shi ba.