Akori-kurar Jaji da Kunnen Surukinsa

Jaji na Dogon Dawa mutum ne da kunya ta cinye shi da ransa. Shekarar da aka koma tuƙin hannun dama ya sayar da dawarsa da bijiminsa ya sayi wata tsohuwar akori-kura, don jigilar 'yan kasuwa ta cikin daji zuwa Birnin Gwari. Wanda ya zaɓo motar, ya kwance injinta ya ɗaura da hannunsa, shi ne Malam Dabo bakanike, uban matarsa Asama'u. Duk yankin kuwa babu wani bakanike sai shi.

Ba a daɗe ba inji ya soma wani ƙas-ƙas-ƙas, kamar kaza na tsattsagar tire. Jaji ya canza baƙin mai, ya goge filogi, ƙara tana nan. Ya ɗora bakin sukudireba a kan inji ya kara ƙotar a kunne, yana addu'ar a sama take, inda ɗaure noti ke magani. Ina! Can ƙasa take, ƙarfe ke cin ɗan'uwansa, in ya taka totur ta ƙaru. Irin wannan ba ta sallama, rana ɗaya za ta shaƙe. To a ina? A dajin nan da in ka tsaya da mata da goyo babu mai jin kiranka sai birai.

Ya roƙi Asama'u ta gaya wa babanta. Ta ce ita ba a haife ta don ta ce wa ubanta aikinsa bai yi ba, mai gemu ya je da kansa. Kai motar Kaduna kuma tonon silili ne, kafin ya dawo gari ya ɗauka.

Sai ya yi dabara. Ya je gaisuwa, ya tsaya daf da rumfar Malam Dabo, ya bar inji na aiki, ya tuɓe takalmi ya durƙusa, don tsoho ya ji da kansa. Abin da ya sha'afa, wanda kowa ya sani ba a faɗa, shi ne kunnen Malam Dabo ya daɗe da tafiya, guduma ta cinye shi. Tsoho ya dafa bonet, ya lumshe ido, ya yi murmushi.

"Ka ji lafiyayyen inji, Jaji? Ko Bature sai haka."

"Na ji, Baba," in ji Jaji, kansa a ƙasa.

Ya ƙara kasuwa biyu yana tafiyar hawainiya, fasinja na yi masa tsiya wai jaki ya wuce su, shi kuwa gumi har cikin hula. Daga nan ya kai motar bayan gida ya ɗora ta a kan duwatsu, ya ce bayansa ne ke ciwo. Ya koma fartanya, ba bijimi. Duk sallah Malam Dabo sai ya aiko masa da maganin baya, shi kuma ya shanye ya aika da godiya.