Ba Ishaya Ne Ya Kashe Layi Ba

Bana shekara takwas ke nan da muka raka Injiniya Ishaya makwancinsa, kuma har yau akwai masu bakin cewa shi ya taɓa kashe mana layi. To ni Sada, da na yi shekaru ina zama tebur ɗaya da shi, ban yarda ba, kuma ba zan yarda ba.

Mutumin kudancin Kaduna ne, amma a Ƙofar Kwaya ya yi gida, har bakinsa ya koma na Katsinawa. Tare muka yi aiki a wani ƙaramin kamfanin sadarwa mai raba intanet ga ofisoshi da shaguna. Aikinsa kula da agogo ne, amma ba na bango ba. Kowace na'ura da ke tura saƙo tsakanin turakunmu, wato dogayen ƙarafan sadarwa, tana da ɗan agogonta a ciki, kuma dole dukkansu su zo daidai, in ba haka ba sai wani turke ya kama magana a lokacin da ya kamata ya saurara. Manhajar da ke tafiyar da kwamfuta ta ba da hanya biyu ta gyara irin wannan agogo. Ko ka umarce shi ya yi tsalle nan take zuwa lokacin da kake so, ko ka sa ya ɗan ƙara sauri ko ya ɗan rage har ya kamo 'yan'uwansa. Ishaya ya rubuta mana shiri mai bin hanya ta biyu, ya kuma hana kowa taɓa ta farko muddin layi na aiki.

Mun sha tsokanarsa a kan haka. Nakan ce, “Injiniya, kai da agogon nan sai ka ce mai kora awaki.” Sai ya yi dariya ya ce, “Malam Sada, mi ya yi zafi? Bar shi ya taho da ƙafarsa.”

Ranar da abin ya faru yana kwance asibiti, ciwon ƙoda ya ci ƙarfinsa. Aka ɗauke wuta, janareta ya yi gardama, da komai ya dawo sai agogon turken Ƙofar Sauri ya wuce saura. Shirin Ishaya ya fara janyo shi kamar yadda ya saba. Manajan lokacin ya kasa haƙuri don abokan ciniki na ta kira. Na ce masa a bar agogon, ya ƙi. Ya sa wani ɗan kwangila ya buga umarnin tsalle. Agogo ya koma baya lokaci guda, sauran na'urori suka rikice, layi ya mutu daga cikin gari har Batagarawa.

A makon Ishaya ya rasu. Da aka zauna taro sai aka ce shirinsa ne ya gaza, don sun san ba zai tashi ya musa ba. Na miƙe na faɗi abin da na gani da idona, aka ce alhini ke damuna. Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Nakan tambayi kaina yadda zai ga Katsinar yau, inda mai shayi da ɗan acaɓa duk ta waya ake biyansu, kowa kuma so yake komai ya faru kafin ya ɗauke yatsa. Ina jin zai ji daɗi, sannan ya tambayi wa ke kula da agogunan. Da na ba shi amsa da kunya: shirinsa ne, har gobe. Manajoji sun zo sun tafi, an sake na'urori, ba wanda ya yi ƙarfin halin cire shi. Abin da ya gaza ne ake riƙewa shekara takwas? Haba jama'a!

Da na bar maganar ga Allah, ba don Rahila ba. 'Yarsa ce, ta gama karatun kwamfuta, ta je neman aiki a kamfanin nan watan jiya. Wani a cikin masu tantancewa ya dube ta ya ce, “Au, ke ce 'yar wanda ya kashe layi?” Aka yi dariya. Ta zo gidana, muka gaisa, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ta sunkuyar da kai ta ce, “Baba Sada, don Allah gaya mani gaskiya. Shi ne?”

Yarinyar da ta bi sawun ubanta ce aka sa take shakkar aikinsa. Wannan ne ba zan haɗiye ba. An ce mani in na buga wannan rubutu kujerata a kamfanin na iya girgiza. Su ɗauke ta, dama na gaji da ita.

Ishaya bai bar gidaje ba, bai bar motoci ba. Ya bar aiki mai kyau da sunan da wasu suka ɓata don su tsira da nasu. Allah ya ba shi hutu.

Ke kuma Rahila, ɗaga kanki. Ubanki bai kashe layi ba. Duk wanda ya sake gaya maki haka, ki ce ya zo ya maimaita a gabana. Ni ina wurin ranar, kuma ban mutu ba tukuna.