Ranar da Yatsuna Suka Daina Jin Aska

Assalamu alaikum jama'a. Masu cewa Habu Wanzami ya samu duniya ya manta da mutane, ku yi haƙuri. Jinya na yi, sai yau na iya buɗe baki.

Abin ya fara da tafin ƙafa, kamar ina taka auduga. Daga baya ya hau yatsun hannu. Na ce sanyi ne.

Wata rana a kasuwar Gure ina yi wa wani dattijo aski, sai na ga jini yana bin ƙeyarsa. Wallahi ban ji shigar askar ba. Ya ce, "Yaro, kai ne fa, ba kabewa ba."

Aka yi dariya. Ni kuwa na tsaya ina duba yatsuna.

Wanzami ba da ido kaɗai yake aski ba. Yatsa ne ke gaya maka nauyin da za ka sa wa aska. Babba in ka yanke shi, ya zage ka ya tafi. To jariri fa? Ga ƙanwata Zara da tsohon ciki, kuma tun zamanin kakanmu bare bai taɓa yi wa ɗan gidanmu askin suna ba.

Na yi shafe-shafe, na sa aka yi mini ƙaho. Shiru. Babban tsorona kada a ce kuturta ce. Ban gaya wa kowa ba, sai da matata ta ga na riƙe kofin shayi mai zafi ko gezau. Ta ce, "Baban Amina, gobe sai likita."

Daga Gure aka tura ni Damagaram. Lokotoro, wato likita, ya ce in rufe ido. Ya shafa mini auduga. "Ka ji?" Ban ji ba. Ya danna da wani siririn zare, nan ma babu. Ya buga wani ƙarfe mai baki biyu ya ɗora a ƙashin yatsana, wai in ji yana kaɗawa. Kamar a bango ya ɗora.

Ya ce, "A cikin fata akwai 'yan ƙananan abubuwa, wasu na jin shafa, wasu danna, wasu kaɗawa. Jijiya ce ke kai labari ga ƙwaƙwalwa. A wurinka labarin ne ba ya isa."

Aka ɗibi jini. Ba kuturta ba ce. Suga ne, da ƙarancin wani bitamin. Akuyar matata ta tafi a kuɗin mota da magani.

Na ce, "Zan sake riƙe aska?" Ya ce, "Jijiya ba ta gaggawa, kuma ban yi maka alkawari ba."

Ana cikin haka Zara ta haihu. Ranar suna aka kira wani wanzami daga Gidigir. Ina zaune ina kallo, hannuna cikin aljihu. Na shiga ɗaki na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa.

Watanni ina allura, ina shan magani, na bar shayi mai sukari. Kullum da safe sai in rufe ido, matata ta shafa mini gashin kaza, in faɗi wane yatsa ne. Da fari duk ƙarya nake zubawa. A hankali na fara dacewa.

Makon jiya maƙwabcina ya nace sai ni zan yi wa jaririnsa askin suna. Na ɗora babban yatsa a maɗigar yaron kafin in taɓa aska. Sai na ji tana bugawa. Na aske shi tas, babu ko ƙwarzane.

Alhamdu lillahi. Ƙafar ba ta gama dawowa ba, amma na gode wa Allah, na gode wa matata da masu addu'a.

Don Allah, duk wanda hannunsa ko ƙafarsa ta fara mutuwa, kada ya tsaya cewa sanyi ne kamar ni. Ya je a auna masa suga.

Zara, ki yafe mini na wannan karon. Na gaba in Allah ya kawo, ni zan aske shi.